Hannun da Tasallah Ta Ƙi Zanawa

Wata rana, da hantsi, wata mai zanen lalle da ake kira Tasallah ta shiga wani gidan Indiyawa a Bompai, cikin Kano.

Ba baƙuwa ba ce a gidan. Shekara goma sha ɗaya tana yi musu lalle duk sa'ad da suke da sha'ani.

Sha'anin ranar na matar ɗan gidan ne, Malati. Cikinta na fari ya cika wata shida. A al'adarsu, idan ciki ya kai haka, mata kan taru su zaunar da mai cikin, su jera mata awarwaron gilashi a hannu biyu, su sa mata albarka.

An gayyaci baƙi ƙarfe huɗu. Tukwane na kan wuta tun asuba. An rataye furanni a ƙofar falo.

Uwar mijin, Mama Janaki, ta fi shekara talatin a Kano, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Ita ta tarbi Tasallah.

"Kin makara, sarkin nawa. Shiga ciki, tana kwance. Kanta ne ke ɗan ciwo."

"Tun yaushe, Mama?"

"Kwana uku. Ciki ne. Ni ma haka na yi da cikin mijinta."

Ɗakin da duhu, an saki labule. Ƙamshin man kwakwa ya cika shi, don an shafe mata kai da shi. Ga kofin shayin citta a gefen gado, ko rabi ba a sha ba. An ɗaure mata goshi da wani ƙyalle tamau.

Malati ta tashi zaune da ƙyar. Ta yi murmushi, ta miƙo hannu.

Tasallah ta karɓi hannun, ta ɗora a kan cinyarta, ta ɗauki ledar lalle.

Sai ta tsaya.

Mai lalle tana iya manta fuska, amma ba ta manta hannu. Wata biyu da suka wuce ta zana wannan hannun. Yatsu ne zara-zara, har sai da ta rage girman furen don ya zauna daidai.

Yau yatsun sun yi suntum. Zoben aure ya nutse cikin nama. Ta danna bayan hannun da babban yatsa, ta ɗaga. Gurbin ya zauna, bai taso ba.

Ta ɗaga kai ta dubi fuskar da kyau. Ƙasan idanun ya tasa.

"Malati, kina gani sosai?"

Hausar Malati ba ta nuna ba, shekararta biyu kacal a ƙasar. Ta ɗaga ɗaya hannun tana motsa yatsu a gaban idonta.

"Wuta-wuta. Ƙanana. Suna tashi."

Tasallah ta san wannan maganar.

Ƙanwarta Saude ta taɓa faɗa mata irinta, shekara tara baya, ita ma da cikin fari. Ranar, Tasallah da hannunta ta shafa mata man zafi, ta ɗaure mata kai da ɗankwali, ta ce ta yi barci zai wuce.

Kafin la'asar jijjiga ta kama Saude. Ba ta tashi ba, haka abin da ke cikinta.

Tasallah ta dubi ledar lallen. Zanen awa biyu zai ci, bushewa awa biyu. Daga nan baƙi, daga nan biki har magariba. Ba wanda zai ƙara tambayar ciwon kan Malati sai gobe.

Kuma ita wace ce? Mai lalle. Ba nas ba, ba 'yar gida ba, ba ma addininsu ɗaya ba. Idan ta tayar da hankalin gida a ranar farin cikinsu, aka je asibiti aka ce ba komai, da wane ido za ta sake shiga Bompai?

Ta mayar da ledar cikin jaka. Ta ja zif.

Mama Janaki ta leƙo, da akwatin awarwaro a hannu.

"Ba ki fara ba?"

"Mama, ba zan zana wannan hannun ba. A kai ta asibiti yanzu."

"Yau? Ke Tasallah, kanki ɗaya? A wurinmu mace ba ta barin gida ranar nan sai an sa mata awarwaro."

"To, sa mata ɗaya mu gani."

Tsohuwar ta harare ta. Ta zaro kore guda, wanda aka auna da hannun Malati makonni uku da suka wuce. Ta tura. Ya tsaya a gaɓar yatsu. Ta haɗe yatsun, ta sake turawa. Malati ta cije leɓe.

Bai shiga ba.

"Mama, don wa ake sa awarwaron nan?"

"Don jariri. Ya ji ƙararsu daga ciki."

"To a bar shi ya rayu, ya ji."

Daga kicin ana jin ƙarar murfin tukunya.

Mama Janaki ta daɗe tana kallon hannun surukarta. Sannan ta ajiye akwatin a kan gado, ta ɗaga murya ta kira direba.

A asibiti, nas ta auna jinin Malati. Ta dubi na'urar, ta kwance, ta canza hannu, ta sake aunawa. Ta fita da sauri ta dawo da likita.

Jinin ya hau ƙwarai. Nan take aka ba Malati gado, aka fara allura.

Likitar ta tambaya wa ya ce a kawo ta. Mama Janaki ta nuna Tasallah, wadda ke tsaye a bakin ƙofa rungume da jakarta.

"Kin kyauta," in ji likitar. "Irin wannan ba ya jiran yamma."

Tasallah ta fita baranda, ta zauna a kan benci, ta rufe fuska da mayafi.

Baƙi sun zo ƙarfe huɗu, suka ci abinci, suka watse ba tare da mai bikin ba.

Malati ta yi makonni tana ƙarƙashin kulawar likitoci. Ciki bai kai wata tara ba aka ciro mata 'ya mace, 'yar mitsitsiya, wadda ta kwana ashirin a kwalba kafin a miƙa wa uwarta ita.

Su biyun suka koma gida da rai.

Darasi:

Yawancin ciwon kan mai ciki na yau da kullum ne: ƙishirwa, yunwa, zafi, ƙarancin barci. Ruwa, abinci da hutu sukan kwantar da shi, kuma ba a shan magani sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Amma idan ciki ya wuce wata biyar, ciwon kai ya ƙi sauka, gani ya dushe ko ana ganin walƙiya, hannu ko fuska suka kumbura, to ba na man shafawa ba ne. A je a auna jini a ranar, ko da tukunyar biki na kan wuta.

"Ni ma haka na yi" ba awo ba ne. Kuma idan ke ce kika lura, ki yi magana, ko da ba ke ce mai gidan ba. Kunyar minti biyar ta fi zaman makoki sauƙi.

Idan akwai mai ciki a gidanku ko a maƙwabta, ku tura mata wannan. Ku tura wa uwar mijinta ma.