Yaya Isuhu da Dutsen Gonar Kawu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Isuhu, wanda mutanen Batsari suka fi sani da Mai Duwatsu. Ni ke bi masa, amma yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, don bai kai hamsin ba Allah ya karɓi abinsa.

Yana cikin yaran da aka sa makaranta dab da samun 'yancin kai. Ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai, ya gama daidai lokacin da arzikin man fetur ya buɗe. Abokan karatunsa duk suka yi kudu wajen rijiyoyin mai. Shi kuwa ya kama aikin binciken ƙasa na gwamnati, ya dawo yana yawo da guduma a tsaunukan da ke tsakanin Ruma da Safana.

Na taɓa tambayarsa abin da yake nema. Ya ce tun zamanin da ba a san mutum ba, akwai wurare a ƙarƙashin teku inda tafasasshen ruwa ke ɓullowa daga dutsen aman wuta, ɗauke da tagulla da tutiya da darma, ya jibge su wuri ɗaya. Ruwan nan kan dafa dutsen da ya ratsa har ya koma kore-kore mai laushi. Samansa kuma, in ya sha ruwa da iska, sai ya yi ja kamar tsatsa.

"Ba ƙarfen ake fara gani ba, Ladi," in ji shi. "Dutsen da ya dafu ake gani, a bi shi."

Na ce, "Teku a Ruma, Yaya?" Ya yi dariya, ya ce ai tambayar da ta hana shi tafiya kudu ke nan.

Bayan shekarun fari, Kawu Ɗanladi, ƙanen mahaifiyarmu, yana haƙa rijiya a gonarsa ta Ruma ya ci karo da wani dutse rawaya mai ƙyalli. Nan da nan labari ya bazu cewa zinari ne. Ruwan shuka ya sauka, rumbuna ba komai, amma magidanta suka bar gonaki suka dukufa haƙar rami. Kawu ya aika a kirawo Yaya ya tabbatar masa. Ni da Inna muna gidan a ranar.

Yaya ya ɗora dutsen a kan fa, ya doke shi da guduma. Dutsen ya farfashe, warin farar wuta ya tashi. Ya goga guntunsa a fasasshen tangaran, ya bar baƙin zane.

"Kawu, ka yi haƙuri. Wannan ƙarfe ne da farar wuta. Zinari in an doke shi bajewa yake, ba ya farfashewa."

"Isuhu, ni za ka ɓoye wa? So kake mu tashi, gwamnatinka ta zo ta kwashe."

"Wallahi Kawu, da zinari ne ni zan fara ɗaukar maka diga. Ku koma gona, damina ba ta jiran kowa."

Masu haƙa sun zage shi a bakin ramin, amma mafi yawansu suka koma shuka, kuma sun sami gero a shekarar. Kawu ya ci gaba da haƙa har ramin ya cika da wani ruwa ja mai tsami, wanda ko shanun Fulani suka ƙi sha. Daga rumbunmu gidansa ya ci har wata kaka. Bai taɓa yarda cewa ba zinari ba ne. Har ya rasu, gaisuwa kawai ke haɗa shi da Yaya, kuma abin ya ci wa Yaya rai ƙwarai.

Abin da Kawu bai sani ba, shi ma Yaya ya sa rai a kan wurin nan, don irin dutsen kan zauna tare da tagullar da yake nema. Ya aika da shi aka gwada. Aka ce akwai tagulla, amma ba ta kai a haƙa ba. Haka ya faɗa wa na sama da shi, bai ƙara gishiri ba. Ya ci gaba da nema har ciwo ya kwantar da shi, bai samu ba.

Yau ko'ina ka juya samari ne da diga. Mun ji yadda ƙurar darma ta kashe ƙananan yara a jihar da ke maƙwabtaka da mu, inda ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Tsaunukan da Yaya ke hawa shi kaɗai, yanzu ba mai kusantarsu saboda 'yan bindiga. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai hana kowa neman abincinsa ba. Zai tsugunna bakin rami ne, ya karɓi dutsen ya duba, ya ce kada a kai shi inda yara suke.

Bai bar wata mahaƙar ma'adinai da ya gano ba, ba kuma inda aka rubuta sunansa. Kwanaki wani dattijo da rashin tsaro ya koro daga Ruma ya ji ko ni wace ce, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Hajiya, ina cikin waɗanda suka zagi yayanki a bakin ramin kawunku. Washegari na je na yi shuka. 'Ya'yana duk sun rayu."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta.