Makirufon da ya ƙi ɗaukar muryar Kawuna

Shekarun baya, zamanin da arzikin mai ya fara cika ofisoshi da sabbin kaya, ina aikin ɗaukar magana a Katsina. Aka kawo mana wani siririn makirufo, aka ce ko raɗa aka yi kusa da shi zai kama.

Mahaifiyata ta ji labari ta ce, “To ka je Safana ka ɗauko mani waƙen yayana na wa'azi, tun da sauran numfashinsa.” Wanta take nufi, wato Kawuna, tsohon malami. Muryarsa ta riga ta shige, sai ka matso kake jin sa.

Na ari makirufon da rikoda, na hau mota. A zaurensa na fito da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da suka zo tare, ban san amfaninsa ba, sai na jingina makirufon a kansa. Ban sa abin sauraro a kunne ba, don ina jin nauyin toshe kunne gaban Kawu.

Tun hantsi yake rerawa har azahar, yana tsayawa yana haki. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar ƙwararre.

“Ta kama?” in ji shi.

“Ta kama, Kawu.”

Da na fita na kunna, babu komai sai huci.

Na wuce Batsari wurin abokina mai gyaran rediyo, wanda ya yi aikin sadarwa a soja. Ya juya makirufon, ya dube ni.

“Wuta ka ba shi?”

“Makirufo ne fa, ba fitila ba.”

Sai da ya gama dariyarsa ya ce irin wannan ba ya ji sai an ba shi wuta, bolt arba'in da takwas. Ta cikin wayar da ke ɗauko murya take bi, ba ka ganin wata waya daban, shi ya sa Turawa ke ce mata wutar fatalwa. Ya buɗe akwatin nan, ga batura a jere.

“Ka fara haɗa waya tukuna, sannan ka kunna. Ka ɗan jira kafin a soma.”

Washegari na durƙusa gaban Kawu na faɗi gaskiya. Sai ya ce, “Alhamdu lillahi. Dama akwai baiti biyu da ban gamsu da su ba. Matso da abin naka, ɗana.”

Wannan karon har motsin carbinsa ya fito. Damina ɗaya ya ƙara a duniya.

Tun daga ranar, abin da ban sani ba nakan tambaya kafin in gyaɗa kai. Faifan yana nan wurina, na sa an juye shi. Akwai inda Kawu ya yi tari, ya ce, “Ina muka tsaya?” sai ka ji wani saurayi ya karanto masa baitin cikin rawar murya. Jikokina har yau ba su yarda ni ne ba.