Ranar da Na Yi wa Talauci Kwalliya

Akwai wata rana da ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Yanzu dai da dariya nake ba da labarin, amma a ranar, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Muna zaune ne a wani ɗan ƙauye kusa da Makera, ni da Malam, wato maigidana, da yaranmu huɗu. Gonarmu ta tudu ba ta taka kara ta karya ba, geron da muke samu kafin bazara ya ƙare. Malam yana da ɗan fegi na gado a bakin ruwan Zobe, ƙasa mai kyau, amma tun da ba injin ban ruwa, ruwan sai dai kallo. Saboda haka kowace shekara da an gama kaka sai ya ɗaure jaka ya tafi ci-rani Kudu yana dako. Tafiyarsa ta ƙarshe da ciwon baya ya dawo, sai da ya yi wata guda ko ruku'u ba ya iya yi. Na rantse a raina ba zai sake tafiya ba, alhali ban san da me zan tsare shi ba.

Ana nan sai mai unguwa ya sanar cewa wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan manoma za ta turo mutane su zaga gida-gida. Waɗanda aka zaɓa za a haɗa su gida biyar-biyar, a ba su injin ban ruwa da iri da taki. Da na ji haka na ce Allah ya karɓi addu'ata, saura dabara.

To ni mace ce mai girman kai, ba zan ɓoye muku ba, kuma gado na yi. Innata ta sha gaya mini cewa ko ruwa zalla ne ki ɗora a murhu, hayaƙi dai ya tashi, kada maƙwabta su san kun kwana da yunwa. Sai na zauna na yi lissafina na wayo. Wa zai ɗauki inji sabo fil ya ba mutumin da ko tabarmar kirki ba shi da ita? Ai sai wanda aka ga alamar zai iya riƙewa. Ga shi kuma baƙi ne daga birni, baƙonka kuwa annabinka.

Malam ya ce, "Ke dai ki bar gidan nan yadda Allah ya ajiye shi."

Na ce, "Malam, kai noma ka sani. Karɓar baƙi kuwa ka bar mini."

Ranar da za su zo, tun da sassafe na faɗa gidan Hajiya, maƙwabciyarmu, matar Alhaji mai sayar da hatsi. Mutuniyar kirki ce, hannunta a sake, sai dai bakinta ma a sake yake. Ta ba ni kafet da kujerun roba shida da kuloli masu ƙyalli. Da na ga abin yana tafiya sai ido ya buɗe. Na dubi turkenmu, rabonsa da dabba tun babbar sallar bara, na koma na aro raguna biyu na ɗaure. Na sa aka jera mini buhunan masarar Alhaji guda takwas a zaure, inda duk mai shigowa sai ya yi tuntuɓe da su. Ban tsaya nan ba, sai da na aro wa Malam babbar rigar Alhaji, shadda mai aiki har ciki. Alhaji kuwa ya yi biyun Malam a jiki, don haka da ya saka sai ya zama kamar an rufa wa turmi bargo.

Saura abinci. Kaza ɗaya tal muke da ita, mai saka mana ƙwai. Na dube ta, ta dube ni, na ce, "Yi haƙuri, yau ranar fita kunya ce." Malam ya yanka yana girgiza kai.

Wajen hantsi baƙi suka iso, wata Malama mai tabarau da wani mutum mai riƙe da takardu. Suka ratsa buhuna, suka wuce raguna, suka zauna kan kujeru. Na buɗe kula, ƙamshi ya tashi, suka ci suna sa albarka. Sannan Malamar ta gyara tabarau ta fara tambaya.

"Hatsin da kuke nomawa yakan kai ku wata damina?"

Malam ya buɗe baki, na yi gyaran murya irin wadda ya sani. Na ce, "Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri."

"Akwai ranar da yara kan kwana ba su ci ba?"

Na dafe ƙirji. "A gidan nan? Allah ya kiyaye!"

"Maigida yakan tafi ci-rani?"

Na ce, "Yakan dai ɗan zaga Kudu, ya ga gari."

Ya ga gari! Mutumin da ke ɗaukar buhu a ka har bayansa ya kusa karyewa, ni na mayar da shi ɗan yawon buɗe ido. Malam ya sunkuyar da kai cikin rigar Alhaji har ya kusa ɓacewa. Mai takardu ya yi ta rubutu, ni kuwa ina ta murna, a zatona kowane layi kusantar inji ne.

Da za su tashi Malamar ta ce, "Masha Allah. Da kowane gida haka yake da mun huta. Irinku ai ku ne masu taimaka wa na ƙasa." Har na ce mata, "Wallahi muna dai ƙoƙari." Na raka su bakin zaure ina washe baki.

Da na dawo na tarar da Malam zaune. Ya ɗago ya ce, "Kin ji abin da ta ce? Marasa shi suka zo nema. Kin cire mu da hannunki." Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ƙara da cewa, "Ki duba mini jakar nan tawa, ko tana buƙatar ɗinki." Nan na gane shirin komawa Kudu yake yi.

Ana wata sai ga wata. Ko la'asar ba a yi ba sai ga Hajiya ta shigo da mutanen gidanta, wai gobe kasuwar Dutsin-Ma, yanzu za a loda masara da raguna a mota, Alhaji kuma zai wuce gaisuwar rasuwa, rigarsa yake jira. Nan take gida ya hargitse. Wannan ta naɗe kafet, waccan ta kife kujeru a ka, raguna suna turjiya suna kuka, ana fita da buhuna ɗaya bayan ɗaya. Malam ya miƙe ya ɗaga hannuwa yana kokawar fita daga rigar, ta naɗe masa kai, taguwarsa ta ciki mai huji uku ta bayyana.

Daidai nan muka ji sallama. Malamar ce. Ashe jakarta ta mance a jikin kujera, sai da suka gama zagaye ta tuna.

Ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Ta ce, "Lafiya? Ƙaura kuke yi?"

Kafin in ƙirƙiro wata ƙaryar Hajiya ta riga ni. "Wace ƙaura, Malama? Kowa kayansa yake kwashewa. Ke 'yar nan, ina murfin ƙaramar kular?"

Malam dai yana nan tsaye, kansa cikin riga, yana tambaya, "Wa ya shigo? Wa ya shigo?" Zanen aro ba ya rufe katara, na sha jin wannan magana, amma ran nan na ga katarar da idona.

Cikin ɗan lokaci tsakar gida ta koma yadda take, daga turmi sai tsohuwar tabarmarmu mai cin baki. Malamar ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta cire takalmi ta zauna a kan tabarmar, ta ce in nuna mata rumbunmu. Na buɗe. Damin gero bakwai ne a ciki, ga rani ko farawa bai yi ba.

Ta ce, "To cikin duk abin da muka gani ɗazu, mene ne naku?"

Na ce, "Kazar da kuka ci."

"Sauran kajin fa?"

"Ita kaɗai ce."

Ina faɗin haka kuka ya ƙwace mini, irin wanda na shekara ina haɗiyewa. Na gaya mata komai, har ciwon bayan Malam da ranakun da nake dafa ruwa don hayaƙi. Ta cire tabarau ta goge ido, ta ce ita ma uwarta haka take, ta taɓa aro gado sukutum saboda baƙi. Ta aika aka kira mai takardu daga mota, aka yage takardar farko, aka sake tambayoyin daga tushe. Wannan karon Malam ne ya amsa, ni kuwa ko tari ban yi ba.

Bayan 'yan makonni sunanmu ya fito cikin gida biyar na farko. Ranar da aka kawo injin Malamar ta sauko daga mota da kwali a hannu, 'yan kaji biyu a ciki, ta ce daga aljihunta ne, ba na ƙungiya ba, don tun ranar naman nan yake tsaye mata a wuya. A ranin nan Malam ya shuka tumatir da albasa a bakin Zobe, kuma tun daga lokacin bai sake taka Kudu ba. Jakar ci-ranin ma yanzu iri muke ajiyewa a ciki. Ragunan da ke turkenmu yau namu ne, amma har gobe in Hajiya ta leƙo sai ta ce, "'Yar nan, waɗannan na wa aka aro?"

Har yanzu ina son rufin asiri, kuma baƙo ba zai shigo gidana ya fita da yunwa ba. Amma na koyi bambanta baƙon da ya zo gaisuwa da wanda ya zo duba ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na ɓoye nawa, saura ƙiris in tura mijina Kudu da karyayyen baya saboda kujerun roba shida da ba nawa ba.