Jemar Bayan Gidanmu

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, muna tsaka da rera lissafi sai ga ƙanena Sule a bakin taga, ya jiƙe sharkaf, yana cewa in fito ruwa ya shiga gida. Ko takalmi ban tsaya ɗauka ba. Kafin in isa katangar baya ta kwanta, kajinmu sun hau kan rumbu, tukunyar Inna tana ta juyi a tsakar gida, Inna kuwa na tsaye cikin ruwa har gwiwa da tabarma a ka.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a wani ƙauye na ƙasar Ringim, daga shi sai kogi. Amma tsakaninmu da ruwan akwai jema, ciyawar nan mai kauri da saiwarta ke nutsewa can cikin ƙasa, ga geza da kaba sun sarƙe a bayanta. Kakanmu ya bar ta, mahaifinmu ma bai taɓa sa mata fartanya ba. Duk shekara kogi zai taso da fushinsa, ya kutsa cikin jemar nan, ya fito a gajiye, ya zube laka a gindinta ya koma. Mu yara ba ruwanmu da wannan. Wurin ɓuyanmu ne, can muke kamun fara da neman ƙwan zabi, mu dawo da ƙaiƙayi a jiki mu sha faɗa. Inna kan yanko ta ta yi zana, kullum tana jaddada mana, "A yanki kai, a bar gindi."

Da mahaifinmu ya rasu sai yayansa, Baffa Hamisu, ya zama mai riƙon gadonmu. Lokacin ne injin ban ruwa ya shigo, kowa ya haukace da noman tumatir. Baffa ya dubi jemar ya ce ƙasa ce ake asara, gidan macizai. Inna ta je har zaurensa ta durƙusa ta ce, "Yaya, don Allah a bar ta, ita ke tare mana ruwa." Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Tun yaushe ciyawa ta zama katanga?" Da rani ya cinna mata wuta, mu kuwa sakarkaru muna ta tsalle muna tsintar gasasshiyar fara. Sannan 'yan ƙwadago suka tono saiwar suka tsibe ta, ƙamshinta ya cika unguwa kwana da kwanaki.

Damina ɗaya tak kogi ya jira. Ranar da ya shigo, Baffa ya zo da lema ya tsaya kan tudu, inda nasa gidan yake a bushe, ya ce, "Ƙaddara ta riga fata." Ya ba mu ɗakin da ke jikin turken awakinsa. Geron rumbunmu ya tsiro ya ruɓe. Da ruwa ya janye Inna ta roƙi a taimaka mata ta sake gini, ya ce ai mun gani da idonmu, wurin nan ba ya zaunuwa. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi ya mayar da shi haka, kuma na tsane shi tsana irin ta yaro, wadda ba ta da inda za ta fita.

Da rani Baffa ya baje kangon gidanmu ya shuka tumatir. Ni ya tura tsinka, na gane gurbin murhunmu da duwatsun da aka ture gefe. Tumatirin da ya fi kowanne girma a kan ɗakin Inna ya fito. Baffa ya cika ƙwarya ya ce in kai mata sadaka, yana faɗa da ƙarfi don mutane su ji. Ta yi mana miya da shi, don ba mu da wani abin. Ita dai ba ta ci ba.

Yanzu a Dutse nake zaune. Duk damina ina jin labarin ƙauyenmu, samari na jera buhunan yashi a inda jema take a da, kogi na kwashewa. Gonar Baffa ma ya cinye ta kaɗan-kaɗan, amma hakan bai dawo mana da komai ba. In mai turaren wuta ta jefa saiwar jema a kasko, sai in tashi in ba ta wuri. Ƙamshin gidanmu ne, ranar da aka tone jemarsa.