Safiyanu, Mai Garantin Ɗigo Ɗaya

Kafin rana ta yi zafi Safiyanu ya riga ya buɗe shagonsa a Jega Firchin, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya jera kwamfutocin tafi-da-gidanka a kan tebur. Sai ya bi su yana kunnawa. Ya mai da sikirin baƙi ƙirin, ya mai da shi fari tas, ya mai da shi ja, yana kai hanci kusa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ɗigo yake nema, ɗan tabon nan da ke mutuwa a sikirin ya ƙi canza launi ko me aka kunna. Na san duk wannan domin shagona ne ke kallon nasa, sana'armu ɗaya. Shekara da shekaru ina kallon ɗaliban jami'ar Aliero suna sauka daga mota su wuce ni ko sallama babu. Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi. A watan nan zai rufe shago, kuma wai ni 'yan kasuwa suka ga ya dace in yi masa jinjina.

Dilolin da muke saro kaya wurinsu suna da ƙa'ida: garanti ba ya ɗaukar ɗigo ɗaya ko biyu, sai sun yi yawa. Da wannan ake sallamar mai ƙorafi a duk kasuwar. Safiyanu kaɗai ke ce wa mai saye, "In ɗigo ya hito, maido mini."

Akwai wata Raihanatu, 'yar Malam Balarabe manomin albasa a Karaye, kusa da Maiyama, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta sayi kwamfuta wurinsa, bayan 'yan makonni ɗigo ya fito. Da ta je hutu sai ta nuna wa mahaifinta. Shi kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana tsince albasa mai tabo kafin ta ruɓar da sauran. Ya saka kwamfutar a buhu, ya ce ranar kasuwar Maiyama zai rabu da ita tun tana da daraja, kuma ba ya sake sayen wata. Duk aikin bincikenta na kammala karatu a kanta take yi. Ta kira Safiyanu tana kuka.

Ranar kasuwar Jega ce, ranar da ko zazzaɓi ba ya sa mu rufe shago. Ya rufe. Yusuf ɗan acaɓa da ya kai shi Karaye ne ya ba mu labari.

"Baba, ɗigon ga ba shi yaɗuwa," in ji Safiyanu.

Tsohon ya ce, "Ɗana, kai kas san inji, ni nis san tabo. Ban taɓa ganin wanda yat tsaya wuri guda ba."

Bai yi masa gardama ba. Ya zaro tasa kwamfutar, iri ɗaya da ta yarinyar, ya kwance sikirin ɗin biyu nan kan tabarma, ya musanya su.

"Tabon ya dawo wurina, Baba. In ya yaɗu, ni yac ci."

Da ni ne, da na yi ta bayani har muryata ta dushe. Da na yi gaskiya, yarinya kuma ta rasa kwamfutarta. Wannan ne ke ci mini rai in na tuna.

Kai ne, Safiyanu, ka ɗauki abin da dila ya ƙi ɗauka. Kai ne ka zauna shekaru kana aiki da sikirin mai tabo, ina yi maka ba'a kana dariya. Mai baki ɗaya, ban so yabonka ba, amma ya zan yi da kai?

Raihanatu ta gama, yanzu koyarwa take yi a Maiyama. Malam Balarabe kuwa duk zuwansa Jega sai ya tsaya a kunna masa kwamfutar Safiyanu ya ji ko tabon ya yaɗu. To yanzu idon Safiyanu ya yi rauni, shi ya sa ma zai ajiye sana'ar. Kasuwar da ta wuce da tsohon ya zo, Safiyanu ya ɗaga murya ya kira ni, "Rufa'i, taho ka duba muna."

Na tsallaka, na duba. Na ce, "Guda ne har yanzu, Baba."

Tsohon ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Sahiyanu, haka na?"

"Haka na, Baba."

"To, na yarda."

Mun gode maka, Safiyanu, Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da alheri. 'Yan'uwana masu sana'a, in za ku yi koyi da wani, ga shi nan tun yana raye. Ni dai idona garau, nasa ya tafi, amma har yau shi ake tambaya.