Glenys Tuohy, Lauyar da Ba Ta Yarda da "Lafiya Lau"

Kowace Talata, kafin rana ta yi zafi, Glenys Tuohy kan bar garin Broken Hill a tsohuwar motarta, ta nufi garuruwan makiyaya. Lauya ce, gwamnati ke biyanta don ta tsaya wa naƙasassun da aka hana tallafi suka ɗaukaka ƙara. Albashin kuwa, a bar maganar kawai.

Ba ta son hirar ofis. Gidanka za ta zo, ta ce ka dafa mata shayi, ta zuba ido ta ga yadda kake ɗaga butar shayin. Ta san halin mutanenmu sarai: mutum na fama, ka tambaye shi, ya ce lafiya lau.

Haka Wes Dunkley ya cuci kansa. Tsohon mai askin tumaki ne, bayansa ya lalace. Ranar da za a tantance ko ya cancanci tallafi ya sha kwalliya, ya cije, har da miƙewa ya ba wata mata kujera, ya ce ai da sauƙi. Aka yanke cewa zai iya aiki, aka hana shi tallafin. Gidan hayarsu ya fara neman kuɓuce musu.

Matarsa Merle ta ce ranar da Glenys ta zo, ta tarar da ita durƙushe tana saka masa safa. Kunya ta kama Wes, ya roƙa kada maganar ta fita.

"Wes, taurin kanka ya fi na tsohon rago," in ji Glenys. "Batun likitoci da doka, ka bar mini. Maganar safar nan kuwa, daga bakinka za ta fito."

Ya kuwa faɗa. A gaban masu sauraron ƙarar, ya ce rabonsa da taɓa ƙafarsa da hannunsa har ya manta. Aka soke hukuncin farko. Suna cikin gidansu har yau.

Glenys, ke ce mai haƙurin jiran namiji ya faɗi ciwonsa. Bana za ki ajiye aiki, kuma wallahi muna jin tafiyar nan har cikin rai. Mun gode. Masu riƙe da asusun gwamnati, kada ku bar kujerarta ta mutu. Matasan lauyoyi, ku zo, ba za ku fara ku kaɗai ba. Wes ya ce duk wanda ya gaje ta, zai raka shi gidajen tsofaffin abokan askinsa. Ya san masu ɓoye ciwonsu, kuma shi zai fara magana.