Wanda Ya Riƙe wa Haladu Igiya

Haladu maginin rijiya mutumin Sule Tankarkar ne. A ƙasar Gumel ta farkon zuwan Turawa, in ka sha ruwa a ƙauye ka ji daɗinsa, da wuya in ba Haladu ne ya fara taka shi da ƙafa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga baƙar magana kamar ya ci barkono. Ba ya tsoron kura, ba ya tsoron dogari. Ranar da ya fara ganin Bature a Gumel ma cewa ya yi ashe mutum ne, rana ce kawai ta ƙi jininsa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne rairayi.

Wanda bai taɓa shiga rijiya ba, zai yi dariya, to bari ya ji. Ƙasar wajen nan rairayi ce, kuma ruwanta yana da nisa. Sai mutum ya yi ta gini har bakin rijiya ya koma masa kamar faifai, yana bi yana kakkafa itace a jikinta don ya tare ƙasa. Ran da rairayin ya ga dama, ba ya sallama. Yakan fara ne da ɗan yayyafi a ƙeya, kafin mutum ya gama salati ya binne shi a tsaye. Shi ya sa magina ba sa ɗaga murya a ciki, don sun ce sauti yana ta da shi. Motsi mai ƙarfi ma ba a yi. Abin da ya rage wa na ƙasa shi ne igiyar da ke ɗaure a kwankwasonsa, ya ɗan kaɗa ta da yatsa a hankali. A bakin rijiya akwai mutum ɗaya da hannunsa ba ya barin igiyar nan, ƙarti suna bayansa suna jiran ya ce a ja. In ya ji kaɗawar, na ƙasa ya kwana a gida. In bai ji ba, rijiyar ce kabarinsa, don ba mai tono shi.

Mai riƙe wa Haladu igiya tun suna samari shi ne Ubale, wani dogo mai shiru-shiru daga wani ƙauye arewa da Maigatari. Haladu yana kiransa Na-sama, shi kuma yana kiran Haladu Na-ƙasa. Allah ya ba Ubale hannu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya sa an fizgo Haladu tun bai kai ga kaɗa igiyar ba, ya ce ya ji numfashinsa ya sauya. Haladu ya fito yana zage-zage, wai an katse masa aiki, sai a ji rijiya ta yi gum daga ƙasa, ƙura ta taso. Sai ya nemi wuri ya zauna. Godiya dai ba ya yi, shi kuma Ubale ba ya jiranta.

Abin da ya raba su ba faɗa ba ne. Mahaifin Ubale ne ya rasu, ya koma ya riƙe gida. A shekarun nan ne kuma aka dasa ƙarfen iyaka, ƙauyen su Ubale ya faɗa ɓangaren Faransa. Kada wani ya ɗora wa ƙarfen nan laifi, a tsaye yake cikin gona jakuna suna susa da shi, bai taɓa hana mai ƙafa wucewa ba. Da farko ma kowace Alhamis suna haɗuwa a kasuwar Maigatari, su sha fura a ƙwarya ɗaya, Haladu yana ta zuba, Ubale yana murmushi.

Sai duniya ta buɗe wa Haladu. Hanyoyi suka yi lafiya, mutane suka fita daga garuruwa suna kafa sababbin ƙauyuka, kowane ƙauye kuwa rijiya yake nema. Jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja, ya ƙara gona a kan gona. Da rani yana ƙarƙashin ƙasa, da damina yana bayan garma. Alhamis ta koma wata-wata, daga nan ta koma sai an ga hali. Ubale bai fasa aiko gaisuwa ta hannun masu kanwa ba, wani lokaci da ɗan curin kanwa, wani lokaci da goruba don yara. Sabuwa, matar Haladu, ita ke karɓa.

Takan ce, "Malam, mutumin nan fa ya sake aikowa. Zumunta a ƙafa take."

Shi kuwa ya ce, "To ƙafar tawa a sake kika gan ta? Alhamis mai zuwa."

Alhamis ɗin Haladu ta fi ta kowa nisa. Ran da ya samu ya leƙa kasuwar don sayen igiya, ya duba gindin tsamiyar da suke zama bai ga Ubale ba. Aka ce masa ai ya daɗe bai zo ba. Maimakon ya tambayi dalili sai ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe ma ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Haka shekaru suka tafi, har saƙon kanwar ya ɗauke, Haladu bai lura da ranar da ya ɗauke ba.

Wani rani mai zafi Bulama, mai garin wani ƙauye kusa da Gagarawa, ya aiko masa. Tsohuwar rijiyarsu ce ta cushe, dabbobi suna faɗuwa don ƙishirwa, mata suna yini a hanyar neman ruwa. Haladu ya je ya leƙa. Da ya ga itacen jikinta ya yi baƙi ya ruɓe, ya jefa ɗan dutse ya ji yadda ƙasa ta bi bayansa tana zuba, sai ya ja da baya. Yana da mutanensa masu riƙe masa igiya, ba su da laifi a sabuwar rijiya. Amma wannan ba tasu ba ce. Ya so ya ce ba zai shiga ba, sai ya ga idon mutanen gari a kansa, ga sunan da ya yi na wanda bai taɓa gudun rijiya ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan shiga. Amma sai an ɗauko mini mutumina."

Ya tura ɗan aike da jaki da goro. Saƙon da ya ba shi bai fi haka ba: "Ka ce wa Na-sama akwai aiki, ya zo ya riƙe mini igiya."

Ubale ya iso da hantsi ranar aikin, gari duk ya taru. Ya rame, ya sa wata babbar riga duk da zafin nan, hannuwansa suna ciki. Daga kan jaki ya sunkuyar da kai ya gai da Bulama. Haladu yana tsakiyar ɗaura igiya a kwankwaso, ya ɗago ya ce, "Na-sama, tsufa ya riga ni zuwa wurinka! Bari mu gama, akwai magana." Ubale ya yi murmushinsa na da, ya je ya durƙusa a bakin rijiya kusa da gungumen da igiya ke bi ta kansa. Haladu ya yi bisimilla, ya zura ƙafafu, aka fara sassauta masa.

Kansa yana daf da shigewa ke nan Ubale ya zaro hannu daga riga ya ɗora a kan igiya. Haladu ne kaɗai yake inda zai gani. Yatsun sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza, fatar ta yi dabbare-dabbare, ga wani gyambon ƙuna a gefen tafin da ko ɗaure shi ba a yi ba. Haladu ya san irin hannun nan. Kuturta ce, kuma kowa ya san abin da take fara cinyewa: mai ita yakan dafa garwashi bai sani ba sai ya ji ƙauri.

Ya so ya ce a mai da shi sama, sai ya fasa. In ya faɗa, me zai ce? Ya tona asirin Ubale a gaban gari guda, a bakin rijiyar da za su sha? Da jifa za su kore shi, mutumin da ya hawo jaki ya taho don an kira shi. Idonsu ya haɗu. Ubale ya san ya gani, bai kau da kai ba. Igiya ta ci gaba da tafiya, haske yana raguwa.

Haladu ya sha shiga rijiya, amma bai taɓa jin nisan hanyar kamar ranar nan ba. Ruɓaɓɓen itace yana wucewa ta gaban idonsa, sanyi yana hawowa daga ƙafa, amma gumi yake yi. Daga ƙarshe ya taka ƙasa. Ya ɗaga kai. Can sama ya hango duhun kan mutum ya leƙo ya tare gefen hasken, abin da Ubale bai taɓa yi ba a da. Ya ce a ransa, shi ke nan, leƙe yake yi, da ido yake son ya ji ni. Ido kuwa me zai gani a wannan duhu?

Ya fara aiki, tun da ba abin da ya rage sai shi. Yana cika guga da laka, ana ja da ɗaya igiyar, ana dawo masa da shi. Kowane guga in ya tashi sai ya bi shi da kallo yana addu'a kada ya bugi itace. Ya so ya kaɗa igiyar kwankwasonsa don ya gwada, ya kasa. In ya kaɗa aka yi shiru, bai san yadda zai ƙarasa aikin ba. Gara ya zauna da rashin sani. Ya tuna goruban da yaransa suka cinye, ya tuna ranar da aka ce masa Ubale ya daina zuwa kasuwa. Da ya ce "lafiya kuwa?" da mai furar kasuwar ma ta gaya masa.

Laka ta fara sakin ruwa, ya ji shi ya rufe masa idon sawu. A daidai nan ya ji yayyafin a ƙeyarsa.

Ya tsaya cak. Ya sake ji, a kafaɗa. Wani itace a samansa ya yi ƙara ƙasa-ƙasa. Haladu ya kai yatsa ya kaɗa igiyar, a hankali, yadda suka saba. Shiru. Rairayi ya ƙaru, yana shiga masa kunne. Ihu ya taso masa tun daga ciki, ya cije shi, ya sake kaɗawa, yana kalmar shahada a zuci. Sai ya ji muryar da bai taɓa jin an ɗaga ta ba ta tsaga sama: "Ku ja! Ku ja!"

Igiya ta fizge shi kamar za ta raba shi biyu. Yana tashi, ƙasa tana zubo masa a fuska, kafaɗarsa tana bugun itace, a ƙarƙashinsa ya ji wani gefe ya zabtare ya cika inda yake tsaye. Bai san yadda ya iso sama ba. Hannuwa suka cafke shi, aka shimfiɗe shi a rana, mata suna salati. Bulama yana cewa rai ya fi ruwa, za a gina wata.

Da numfashinsa ya dawo sai ya nemi Ubale. Yana zaune can gefe shi kaɗai, ya mai da hannuwansa cikin riga, wuyan rigar ya jiƙe da jini. Wani daga cikin ƙartin ya ce, "Wannan mutumin naka fa da abin mamaki yake. Kwanciya ya yi rub da ciki ya manna wuyansa a jikin igiyar. Muna ja tana yankarsa, ya ƙi ɗagawa." Ashe ba leƙe yake yi ba. Inda ya rage masa yana ji a jikinsa, nan ya kai wa igiyar.

Haladu ya rarrafa ya je ya zauna kusa da shi. Can ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na-sama, tun yaushe?"

"An daɗe."

"Don me ba ka gaya mini ba? Da ka ce wa ɗan aiken ba za ka iya ba."

Ubale ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Na-ƙasa, da ɗan aikenka ya yi sallama, na ɗauka ka ji labari ne ka aiko a duba ni. Sai ya ce igiya. Na ce to, ko ita ce, in je in gan ka."

Haladu ya ji kamar rijiyar ta rufta da shi bayan ya fito. Hawaye suka zubo suna wanke ƙasar fuskarsa, bai damu da wanda ke kallo ba. Ya zura hannu cikin rigar Ubale ya kamo hannun nan ya riƙe gam. Ubale yana ta kallon ƙurar da ke fita daga bakin rijiya. Sai da ya sunkuyar da kai ya duba, sannan ya san an riƙe shi.